An ce in zama admin, in karɓa ko in zille?

Filin tambayoyinku tare da Anti

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah shawara nake nema. Ina cikin wani guruf na mata a WhatsApp, tambaya da amsa ake yi a kan ciki da haihuwa da rainon yara, mun kusa mu dubu a ciki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinmu shi ya sa in an yi tambaya nakan ɗan sa baki. To shine Hajiyar da ta buɗe guruf ɗin ta kira ni wai tana so ta sa ni admin don abin ya mata yawa, kuma ba biya fisabilillahi ne. Ni dai zuciyata biyu wallahi, ina son ladan amma ina ganin yadda ake yi wa wadda ke taya ta yanzu in ta goge saƙon wata, har cewa ake wai ta mai da guruf gidan ubanta. Ga maigida ga yara biyu ga aikin dare. In karɓa ko in ba ta haƙuri?

Ƙanwarki daga Gombe

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki karɓa, amma ba yau ba, kuma ba ke kaɗai ba.

Hajiya ta zaɓe ki ne saboda kin iya amsa tambaya, to a nan gizo ke saƙar, domin ranar da aka sa ki admin amsar tambaya ita ce za ta zama ƙaramin aikinki. Ki duba ɗan agaji ranar Juma'a, ba shi ke huɗuba ba ba shi ke jan salla ba, nasa ya daidaita sahu ya hana mai mashin toshe hanya ya ɗaga wanda ya yanke jiki, kuma duk wanda ya ce wa malam matsa sai ya harare shi. Kakin da ake so ki saka kenan. In kin shiga da tunanin za ki zama malamar guruf kowa na miki godiya, wata ɗaya ba za ki yi ba za ki fara jin haushin kowa.

Bari in nuna miki irin daren da ke jiranki. Ƙarfe biyu saura, wata mai jego haihuwar fari ta rubuto, dan Allah mata ku taimaka jaririna kwanansa uku idonsa ya yi ruwan ɗorawa kuma ya ƙi kama nono. Kafin ki farka an ba ta amsa ta kai talatin. Wannan ta ce shawara ce ki shanya shi a hantsi, waccan ta ce ki jiƙa kaza ki ɗura masa, wata ta ce ruwan gulukos, wata ta turo saƙon murya na minti bakwai wanda rabinsa labarin yadda ta haifi nata ne, sai can wata ta ce inbos mi ina da maganinsa dubu uku ne. Ke kin san jaririn da ya yi shawara har ya daina tsotso asibiti yake buƙata a daren nan, don in abin ya hau yana taɓa ƙwaƙwalwa kuma ba ya gyaruwa. Amma taki amsar ita ce ta talatin da ɗaya, tana can ƙasa, yarinyar ta riga ta ɗauki ta farko da ta fi sauƙi ta koma barci. Abin da zama admin zai ba ki wanda ba ki da shi yanzu shi ne ikon share waɗancan talatin ɗin, ki maƙala taki a sama, ki kira ta a waya. Don wannan kaɗai nake cewa ki karɓa.

Kuma kar wata ta ce miki ai ba da shawara ne kawai ba ya kisa. A watan Agustan 2014 lokacin Ebola saƙo ɗaya ne ya zagaye wayoyin Najeriya cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mutane suka tashi da asuba suna dama gishiri, aka kwantar da wasu a asibiti wasu suka rasu. Duk wanda ya tura saƙon nan don ƙauna ya tura. Masu kayan sayarwa ma haka, ki tuna maganin haƙorin yara na My Pikin da ya kashe yara sama da 80 tsakanin 2008 da 2009, wannan fa a kwalba yake da tambari da komai, ina ga wanda aka ƙulla a leda ake tallarsa a guruf ba lambar NAFDAC ba sunan mai haɗawa.

Tunda na taɓo talla bari in tsaya a kanta, don ita ke cinye irin guruf ɗinku. Da farko mutum ɗaya ce za ta nemi alfarma ta saka hoton atamfa, sai mai kayan mata, sai mai maganin sanyi, sai mai adashe, sai wadda za ta ce ki zuba dubu hamsin ki kwashi ɗari cikin wata. Mun ga yadda tsarin zuba kuɗi na MMM ya ruguje a ƙarshen 2016, mun ga na CBEX a watan Afrilun 2025, kuma da yawan waɗanda kuɗinsu ya nutse ta hannun wani da suka yarda da shi suka shiga, a irin waɗannan gurufan. Ranar da kuɗin wata ya maƙale ba mai tallar za ta nema ba, wannan ta canza layi, ke za ta nema, ta ce ai a guruf ɗinku na gani kuma admin ba ta hana ba. Ni ra'ayina a hana tallar magani da ta zuba kuɗi kwata-kwata, sauran kuma atamfa ne turare ne cincin ne a ware musu rana ɗaya a mako su yi ta yi.

Sai maganar sirri, wadda mutane ba su cika kawowa ba sai ta fashe. A guruf ɗin WhatsApp kowa na ganin lambar kowa. Mace ta yi tambaya a kan abin da ko uwarta ba ta faɗa wa ba, ashe ƙanwar mijinta na ciki, ko kishiyarta, ko wani ƙato da ya shigo da hoton fure da sunan Ummu wane. Gobe sikirinshot ya isa gidan surukai. Maganin da yawancin gurufai ke yi shi ne mai tambayar sirri ta tura wa admin, admin ta saka ba suna. Dabara ce mai kyau amma ki san nauyinta, wayarki za ta koma ma'ajiyar asirin gidajen mutane, saboda haka ki sa mata makulli, kar yara su riƙa wasan gem da ita, kuma da kin saka tambaya ki goge asalin saƙon. Ko maigida kar ki ba shi labarin wance ce ta tambayi kaza, ko da wasa.

Yanzu ga abin da za ki je wa Hajiya da shi, cikin ladabi, ki ce Hajiya na amince amma ina da roƙo. A rubuta dokoki gajeru a saka a bayanin guruf, don ranar da kika goge saƙon wata kar ya zama ke da ita, ya zama ita da doka ta uku. A ƙara admin su kai huɗu ko biyar a raba kwanaki, ku buɗe naku ɗan guruf ɗin na admin inda za ku riƙa shawara kafin a cire mutum. A kashe linkin shiga da ke yawo a kunna wurin da sai admin ta amince mutum zai shigo, WhatsApp na da shi. Sannan wanda ya fi duka, in kin yanke hukunci ko da Hajiya na ganin kin yi kuskure kar ta warware shi a gaban jama'a, ta kira ki gefe. Admin ɗin da aka taɓa kunyatawa a tsakiyar guruf ta gama aiki, duk wadda ta taɓa sai ta ce bari in kai ƙara wajen Hajiya. Ki kuma ce mata wata uku za ki gwada, in ya yi a ci gaba in bai yi ba ki sauka ba rigima. Ki faɗi wannan tun yanzu da ake dariya.

Akwai abu ɗaya da na san wasu za su yi min ca a kai, ni ina goyon bayan a rufe guruf da dare, daga sha ɗaya zuwa bayan asuba admin kaɗai ke iya rubutu. Za a ce to mai larurar dare fa? Ai ita nake ji. Mai cikin da jini ya ɓalle mata, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko yaron da ke suma ko ya kasa shan komai, duk mintin da ta ɓata tana jiran amsar guruf minti ne da ya kamata a ce tana kan hanyar asibiti. A rubuta waɗannan alamomin a saƙo ɗaya a maƙala shi kafin a rufe, a ce in kin ga ɗaya daga ciki kar ki tambaye mu, ki tashi maigida ko maƙwabta ku tafi. Ke ma kin samu barci, ga ki da aikin dare.

Ki kula da kanki ta fuskar aiki kuma. Kar ki rubuta wa kowa magani da adadin sha a guruf, ba ki ga mara lafiya ba ba ki auna ta ba, kuma mutum ɗari za su kwafa su ba nasu yaran. Ki ce ga abin da alamar ke iya nufi, ga inda za ki je, ga abin da kar ki yi kafin ki isa.

Zagi kam za a yi, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke rage shi, kafin ki goge ko da kin goge ki bi mutum ta bayan fage ki ce Maman wane yi haƙuri na cire saƙonki saboda kaza, ba don raini ba. WhatsApp na nuna wa kowa cewa admin ce ta goge, to mutum kunyar idon jama'a ke sa shi hayaniya, in kin riga kin lallashe ta a gefe yawanci shiru za ki ji. Wadda ta ƙi ji kuma kar ki tsaya musayar baƙar magana da ita a fili, ki bar wata admin ɗin ta amsa. Maigida kuma a gaya masa tun farko, don datar gidansa da hirar darensa ne za su ragu.

*

Anti barka da aiki. Ni ɗalibin kwamfuta ne aji uku, ina yawan shiga Stack Overflow neman amsa in kod ya ƙi min. Na ga akwai masu kula da wurin da alamar daiman a jikin sunansu, su ke rufe tambaya su goge amsa. Tambayata, ana biyansu ne? Kuma ya ake zama ɗaya? Don na ji an ce yana taimakawa wajen samun aikin waje, ni kuma gaskiya aikin dala nake hange.

Ɗanki daga Kano

Ɗana ba a biyansu ko sisi. Tun da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe wurin a 2008 masu kula da shi 'yan sa kai ne, kuma zaɓensu ake yi kamar na siyasa, mutum ya tsaya takara ya faɗi manufarsa a yi masa tambayoyi sannan 'yan wurin su jefa ƙuri'a. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne na maki, duk amsarka da wani ya ɗaga ka samu 10, in mai tambaya ya karɓe ta a matsayin daidai ka samu 15. Makin ne ke buɗe maka ƙofofi a hankali, da 15 za ka iya kai rahoton abin da bai dace ba, da 2,000 kana gyara rubutun wasu ba sai an duba ba, da 3,000 kana jefa ƙuri'ar rufe tambaya, kuma 3,000 ɗin nan ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema kafin ka tsaya takara, tare da wasu lambobin yabo da ke nuna ka daɗe kana gyara da kai rahoto. A aikace waɗanda ke cin zaɓen makinsu ya ninka haka nesa ba kusa ba. Ka ga kenan kafin a ba mutum daiman ya yi shekaru yana sharar wurin ba wanda ya sa shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wurin ba nasu ba ne duk wahalar da suke sha. A 2021 kamfanin Prosus ya sayi Stack Overflow a kan dala biliyan 1.8, waɗanda suka rubuta amsoshin da masu gadin ba a raba da su ba, kuma dama ba a yi musu alkawari ba. A Disambar 2022 masu kulan suka haramta saka amsar da ChatGPT ya rubuta saboda tana zuwa tsaf-tsaf kamar gaskiya alhali da yawa kuskure ce, kuma mutum na iya zuba goma cikin minti kaɗan su kuma sai sun bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan watanni kamfanin ya fito da umarnin da ya ɗaure musu hannu wajen hukunta masu yin hakan, sai suka tafi yajin aiki ranar 5 ga Yunin 2023, ka ji fa, yajin aikin da ba albashi a ciki, sai cikin Agusta aka sasanta. A wannan watan na Yuni dai masu kula da dubban zauruka a dandalin tattaunawa na Reddit suka rufe nasu don adawa da kuɗin da kamfanin ya ɗora wa masu manhajojin waje, kamfanin ya ce duk wanda bai buɗe ba za a sauke shi a naɗa wani, kuma ya aikata a wasu wuraren. Darasin da ni na gani, sarautar aro ce, mai gida na iya karɓe kayansa ranar da ya so.

Maganar aikin dala kuwa, daiman ɗin ba ita ke kawo shi ba. Mai ɗaukar ma'aikaci abin da yake son gani shi ne ka iya gane matsala ka bayyana ta yadda wani zai fahimta, to amsoshi ashirin masu kyau a kan yaren kod ɗaya da ka ƙware, da ɗan aikin da ka gina ka ajiye a shafin ajiyar kod na GitHub, sun fi maka amfani a CV. Ga shi ma yanzu tambayoyi sun ragu sosai a wurin tun da mutane suka koma tambayar AI. In kana son ka ɗanɗana aikin kula da jama'a ka fara da na kusa, guruf ɗin 'yan ajinku ko na masu koyon kod da Hausa a Telegram, ko ka shiga Wikipedia ta Hausa inda ake neman hannu kullum wajen gyara da sintiri. Amma kana aji uku, jarrabawa ta riga komai.

*

Salam Anti. Ni admin ne a guruf ɗin manoma da masu kiwo na yankinmu, ana tambaya a kan taki da feshi da farashin hatsi da ciwon dabbobi. Dokarmu ba siyasa ba turo saƙonnin da ba su shafi noma ba. Matsalar kawuna ne ƙanin mahaifiyata, kullum sai ya turo bidiyon siyasa da irin saƙon nan na tura wa mutum goma, wani lokacin har da zargin wasu mutane da sunansu. Na cire mutum biyu a kan irin wannan, yanzu ana ta min habaici wai doka ba ta hawa kan dangin admin. Ya zan yi, in cire kawuna?

Wani bawan Allah daga Funtuwa

Malam masu habaicin suna da gaskiya, kai ma ka sani shi ya sa ka rubuto. Amma kar ka cire shi da hannunka, kuma kar ka yi masa gargaɗi a cikin guruf, WhatsApp zai rubuta ƙarara wane ya cire wane, kafin la'asar maganar ta isa wajen Hajiyarku an ce ka kori ƙaninta a bainar jama'a.

Ka je gida ka same shi, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce Kawu alfarma na zo nema, mutane sun sa ni gaba a kan saƙonnin nan kuma ni ba zan iya buɗe baki in yi maka magana a cikin yara ba. Ka nuna masa abin da shi zai ji tsoro, wato saƙon da ke kiran sunan mutum da zargi. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane a ƙasar nan kan abin da suka saka a waya, kuma cewa ni ma turo min aka yi ba ta hana a gayyaci mutum ofishin 'yan sanda. Dattijo in ya ji maganar zuwa caji ofis yakan nutsu fiye da in an ce masa doka ta biyu ta hana.

Sau da yawa irin su Kawu ba rigima suke nema ba, wurin hira suke nema kuma guruf ɗinka ne ya fi jama'a. Ka buɗe wani daban na hira da siyasa ka sa linkin duk mai so ya shiga, ka naɗa shi admin a can. In duk da haka ya ci gaba a na noma, sai abokin aikinka na admin ya goge ya kuma ɗauki matakin da aka ɗauka a kan waɗancan biyun, kai kuma ka yi kamar wayarka ba caji ranar. In ba ka da abokin aiki to ka nemo ɗaya cikin makon nan, wanda ba danginku ba kuma ba ya neman auren 'yar Kawu.